Yadda ake ziyartar kufan birnin Angkor a ƙasar Kambodiya

Hoton da kowa ya sani, mai hasumiyoyi biyar da inuwarsu kwance cikin ruwa, hoton Angkor Wat ne, kuma haikali ɗaya ne tak. Angkor ɗin kansa kufan babban birnin daular Khmer ne, daular da ta kafu a 802 ta riƙe mulki har wajen 1431. Filin da aka killace ya kai murabba'in kilomita 400, kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1992. Sarakunan farko addinin Hindu suka bi, na baya suka koma addinin Buddha, sau da yawa a cikin gini ɗaya. Shirin ziyarar duka a kan abu biyu ya rataya: ka san yadda za ka kauce wa rana, ka kuma iya gane abin da idonka ke gani. Wanda ya yi sakaci da na farko zai galabaita kafin azahar. Wanda ya yi sakaci da na biyu, tarin duwatsu kawai zai yi ta kallo har kwana uku.

Abubuwan da za ka tanada

Takardu: fasfo mai sauran aƙalla wata 6, biza, da katin rigakafin cutar shawara, domin ana neman sa ga wanda ya fito daga ƙasashen da cutar take, Najeriya da Nijar da Ghana da Kamaru na ciki. Maganar biza ita ce ta fara, tun kafin tikitin jirgi. 'Yan ƙasashe da yawa suna samun ta ta intanet ko a filin jirgi, amma fasfon Najeriya da na Sudan sun daɗe cikin jerin waɗanda ake tsaurara wa sharaɗi. Ka tuntuɓi ofishin jakadancin Kambodiya ka ji abin da suke nema, ka samu amsa a rubuce. Akwai kuma takardar shiga ƙasa da ake cikawa ta waya cikin kwana 7 kafin sauka.

Kuɗi: dalar Amurka da riyel na ƙasar duka suna tafiya, dala ɗaya wajen riyel 4,000. Ka zo da takardun dala sababbi. Wadda ta yage ko aka yi rubutu a kanta, ko da ɗan kaɗan ne, za a dawo maka da ita. Canji ƙasa da dala da riyel ake bayarwa, ka riƙa tara shi don ruwa da kwakwa.

Tufafi: masu rufe kafaɗa da gwiwa, ga mace da namiji, wannan doka ce. Yadi mara nauyi na auduga ya fi. Doguwar riga ko abaya mai jan ƙasa tana harɗe ƙafa a matakala, a sa wando a ciki a kuma zaɓi wadda ta tsaya a idon sawu. Takalmi sau-ciki mai roba a ƙasa, wanda ƙafarka ta riga ta saba da shi. Silifas na zamewa a kan dutse mai gansakuka.

Sauran kaya: ruwa lita 3 ga kowane mutum a wuni, ƙunshin gishiri da sukari na kemis guda 2 ko 3, malafa ko lema, tocila ƙarama, maganin sauro na shafawa, fawa bank, taswirar da aka sauke a waya don ta yi aiki ba intanet, da ƙaramar darduma mai naɗuwa.

1. Zaɓi lokacin zuwa

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu rani ne mai ɗan sauƙin zafi, shi ya sa jama'a suka fi yawa, masauki ya fi tsada. Maris zuwa Mayu zafi ne na gaske, yakan kusa digiri 40, ga laima a iska, gumi ba ya bushewa. Wanda ya saba da busasshen zafi kada ya ɗauka zai iya da wannan cikin sauƙi. Damina daga ƙarshen Mayu zuwa Oktoba: ruwan yakan sauko da yamma, awa ɗaya ko biyu ya ɗauke, tafkuna sun cika, duwatsu sun yi kore, mutane sun ragu. In son samu ne, ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba ya fi, ruwa ya ja baya amma ƙasa ba ta bushe ba. Ka kauce wa tsakiyar Afrilu, lokacin bikin sabuwar shekarar Khmer, sai fa in cunkoson kake so ka gani.

2. Isa Siem Reap

Garin da ake kwana shi ne Siem Reap, kilomita 6 kudu da Angkor Wat. Sabon filin jirginsa, wanda aka buɗe a Oktoba 2023, yana wajen kilomita 45 daga gari, kusan tafiyar awa guda, saboda haka ka shirya wanda zai ɗauko ka tun kafin ka sauka. Yawanci ta Bankok ko Singafo ko Kuala Lumpur ake sauya jirgi. Wata hanyar ita ce sauka a Phnom Penh, a shiga mota awa 5 zuwa 6. Kada ka gina tafiyarka a kan ƙetaro iyakar Tailan ta ƙasa, rikicin da ya ɓarke a 2025 ya sa an rufe ta.

Agogon Kambodiya yana gaban na Najeriya da Nijar da awa 6. Wannan ne dalilin da bai kamata ka sa kallon fitowar rana a safiyar farko ba: ƙarfe 4:30 na asubarsu, jikinka yana 10:30 na dare.

3. Sayi tikiti

Hukumar Angkor Enterprise kaɗai ke sayar da tikitin, a shafinta na intanet ko a ofishinta da ke kan Titi na 60, wanda ke buɗewa da asuba. Ka saya tun kafin ka isa ƙofar haikali. Farashin da aka sa tun 2017: kwana ɗaya dala 37, kwana 3 dala 62, kwana 7 dala 72. Na kwana 3 ana iya warwatsa shi cikin kwana 10, na kwana 7 cikin wata guda. Yaro ƙasa da shekara 12 ba ya biya, amma a riƙo fasfonsa.

Na kwana 3 za ka saya. Tikitin yana ɗauke da hotonka, ana duba shi a kan hanya da ƙofar kusan kowane haikali, ba ya aruwa. Ka sa shi cikin leda, gumi na jiƙa shi ya lalace. In ka saya da yamma wajen ƙarfe 5 don gobe, ana barinka ka shiga kallon faɗuwar rana a ranar ba tare da an ci maka kwana ba.

Angkor Wat da tafkin Srah Srang suna buɗewa 5 na asuba. Phnom Bakheng da Pre Rup daga 5 na asuba har 7 na yamma. Sauran daga 7:30 zuwa 5:30.

4. Abin hawa da ɗan jagora

Abin hawan wurin shi ne tuk-tuk, babur mai jan keken fasinja, ɗan uwan a-daidaita-sahu amma a buɗe ta kowane gefe. Ana ɗaukar sa wuni guda. Ƙaramin zagaye, kilomita 17, yakan tashi dala 15 zuwa 20. Babban zagaye, kilomita 26, ya ɗara haka kaɗan, fitar asuba da zuwa nesa kuma da ƙarinsu. Ku yi ciniki da daddare, ku lissafa wuraren da suna, ku yanke ko komawa masauki da rana yana ciki. Ka ɗauki hoton keken da lambar wayar direban, domin a bakin Angkor Wat ɗaruruwa ne jere, duk kama ɗaya.

Kuskuren da ya fi cin lokaci: Ta Prohm da Preah Khan da Banteay Kdei ana shiga ta wata ƙofa a fita ta wata, tsakaninsu tafiya ce mai tsawo. Kafin ka sauka, ka tabbatar da ƙofar da zai jira ka, gabas ko yamma.

In da tsofaffi ko ƙananan yara, ko a watannin zafi, mota mai na'urar sanyi ta fi. Keke yana yiwuwa don ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, amma ga mai ƙarfi ne kuma a lokacin sanyi. Ɗan jagora mai lasisi yana sanye da rigar aiki da katin shaida. Ka ɗauke shi rana ɗaya, ranar haikalin Bayon da Angkor Wat, inda sassaƙa ke buƙatar mai bayani. In kuɗi bai kai ba, ka ba gidan tarihi na Angkor da ke cikin gari awa biyu kafin ka fara, kuɗin shigarsa daban ne.

5. Koyi alamomin kafin ka shiga

Wannan matakin shi ke raba mai ziyara da mai wucewa, kuma minti goma ya ishe shi.

Na Hindu: mai hannu huɗu riƙe da katantanwa da faifai da kulki, Vishnu ne, kuma tsuntsu mai jikin mutum da yake hawa sunansa Garuda. Shiva sau da yawa ba a siffanta shi da jiki, sai wani dutse mulmulalle a tsaye a kan faffaɗan dutse mai magudana a gefe. In ka ga faffaɗan kaɗai da rami a tsakiya, an sace na saman. Bijimi a kwance yana fuskantar ƙofa shi ma alamar Shiva ce. Mai zaune kan giwa mai kai uku Indra ne, a saman ƙofofin gabas aka fi samun sa.

Na Buddha: mutum zaune ya naɗe ƙafa a kan naɗaɗɗen maciji, kawunan macijin bakwai sun yi masa rumfa. Sai Lokeshvara, wanda ake gane shi da ɗan ƙaramin Buddha a gaban gashin kansa.

Matan da ke bango iri biyu ne. Masu rawa, ƙafa ɗaya a sama, su ne apsara. Masu tsaye cak su ne devata, a Angkor Wat kaɗai sun kai wajen 1,800, kitson kowace da adonta daban.

Kayan ginin ma yana faɗin zamani. Jan bulo yana nufin ƙarni na 9 da na 10. Dutsen yashi mai launin toka, wanda aka jawo daga tsaunin Kulen, shi ne na manyan gine-ginen baya. Jar marmara mai ramuka ita ce ta harsashi da katanga. Magina Khmer ba su yi baka ta gaskiya ba, duwatsu suke jerawa kowane ya ɗan zarce na ƙasansa har su haɗu a sama. Shi ya sa ɗakunan ƙunci ne, shi ya sa kuma da saiwa ta ture dutse ɗaya rufin ke rubzawa.

Abu na ƙarshe, wanda in ka gane shi za ka riƙa ganinsa ko'ina: gurabe a bango da aka kankare abin da ke ciki. Sarki Jayavarman na 7, wanda ya hau mulki a 1181, mabiyin Buddha ne, ya cika gine-ginensa da siffofin Buddha. A ƙarni na 13 aka koma Hindu na ɗan lokaci, aka bi su da kurfi aka goge dubbai. Wasu ba a goge su duka ba, sai aka ƙara musu gemu aka ɗaga gwiwoyinsu suka zama masu zuhudun Hindu. In ka matsa kusa za ka ga sawun tsofaffin ƙafafun a ƙasan sababbin.

6. Rana ta farko: Angkor Thom da safe, Angkor Wat da yamma

Ka kasance a ƙofar kudu ta Angkor Thom da 7:15. Wannan shi ne birnin da Jayavarman na 7 ya gina bayan mayaƙan Cham, mutanen daular Champa da ke yankin Vietnam ta yau, sun ci tsohon birnin a 1177. Ganuwarsa kilomita 3 ce kowane gefe, tsayinta mita 8, da gwalalon ruwa a kewaye. Ka sauka ka taka gadar da ƙafa. Gumaka 54 a hagu masu sakakkiyar fuska, 54 a dama masu zare ido, kowane layi riƙe da jikin maciji. Kawunan da suka fi haske sababbi ne, na asali an sace wasu, an kai wasu ma'ajiya.

Bayon yana tsakiyar birnin. Kowa hasumiyoyin fuskoki yake nufa, fuskoki wajen 200 masu kallon kusurwa huɗu, kuma benen sama yakan kasance a rufe saboda gyara. Kada wannan ya ɓata maka rai, don abin da ya fi daraja yana ƙasa, a bangon waje na gabas da na kudu. Nan ne aka sassaƙa rayuwar talakawa: mata a kasuwa suna awo, maza sun durƙusa suna caca a kan faɗan zakaru, mace na naƙuda, masu dafa abinci a tukwane, amalanken shanu irin wanda har yau ake gani a ƙauyukan ƙasar. Sama da su yaƙin jiragen ruwa ne a tafkin Tonle Sap. Za ka gane Cham da hular da ta yi kamar fure a kife, Khmer kuwa kai ba hula, kunnuwa dogaye. Ka duba ƙasan jiragen, kada na cafke waɗanda suka faɗa ruwa. Ka ba bangon nan minti 40.

Daga nan da ƙafa zuwa Baphuon, haikalin Shiva na ƙarni na 11. Faransawa sun kwance shi dutse-dutse, wajen 300,000, don su sake ɗaure shi, sai yaƙi ya zo, takardun lambobin suka ɓace a zamanin mulkin 'yan gurguzu na Khmer Rouge, cikin shekarun 1970. Sai 2011 aka gama mayar da shi. Ka zagaya bayansa ta yamma ka ja baya sosai: bangon gaba ɗaya siffar Buddha ce a kishingiɗe, tsawonta wajen mita 70, wadda aka gina daga baya da duwatsun haikalin. Mutane da yawa suna wucewa ba su lura ba. Ka fito ta Dandalin Giwaye, ka shiga ɗan lungun da ke cikin Dandalin Sarki Kuturu inda sassaƙar ta tsira daga ruwa da rana. Ƙarfe 11 ka tsaya.

Daga 11 zuwa 2:30 hutu ne. Wanda ya ƙi hutawa a nan shi ne wanda ke kwana da ciwon kai ya rasa rana ta biyu.

Angkor Wat yamma yake fuskanta, saɓanin yawancin haikalan, don haka hasken la'asar ne ke faɗa masa a fuska. Suryavarman na 2 ya gina shi don Vishnu a farkon rabin ƙarni na 12. Gwalalonsa faɗin mita 190 ne, hasumiyar tsakiya mita 65. A zauren shiga, ɓangaren dama, akwai gunki mai hannu takwas da mutanen wurin ke kira Ta Reach, har yau ana kunna masa turare.

In ka isa ainihin ginin, kada ka miƙe ciki. Ka juya dama ka bi barandar sassaƙa, bango yana hagunka. Da farko yaƙin Kurukshetra na labaran Hindu, runduna biyu sun taso daga gefe biyu cikin tsari, suna matsowa tsakiya tsarin yana wargajewa. A bangon kudu ga sarkin da kansa da jerin gwanon mayaƙansa, yawan laimar da ke kan mutum shi ne girman muƙaminsa. Gaba kaɗan hukuncin matattu, Yama, alƙalinsu a addinin Hindu, mai hannu 18 a kan ɓauna. Sai bangon gabas, wanda ya fi duka suna, Kaɗa Tekun Madara, tsawon mita 49: aljanu 92 a gefe ɗaya, alloli 88 a ɗayan, suna jan maciji da aka naɗe a jikin dutse, Vishnu a tsakiya, kunkuru a ƙasa yana tallafe da dutsen. Ka sunkuya ka dubi ƙasan, kifaye da kadoji ne guntu-guntu, juyawar ta daddatse su. Rabin arewa na bangon gabas da rabin gabas na bangon arewa aikin baya ne na ƙarni na 16, hannun bai kai na farko ba, kana iya wucewa da sauri.

Benen ƙoli, Bakan, ana hawa da matakalar katako mai tsayi, mutum ƙidayayyu a lokaci guda. Ba a barin yaro ƙasa da shekara 12, ana rufe shi a ranakun ibadar Buddha, wajen sau huɗu a wata, kuma masu gadi ba sa karɓar gyale da aka yafa a kan riga mara hannu. Ka shiga layi kafin 4:30. A sama za ka ga an toshe ƙofofi huɗu na ɗakin tsakiya, inda gunkin Vishnu yake a da, an sassaƙa Buddha a tsaye a kowace.

7. Rana ta biyu: asuba, Ta Prohm da babban zagaye

Rana na fitowa tsakanin 5:35 a watan Yuni da 6:30 a Janairu. Ka bar masauki minti 75 kafin haka, da tocila, domin gadar ba fitila kuma duwatsun ba su daidaita ba. Tafkin bado na hagu shi ne wurin hoton, nan kuma ake turereniya. Na dama ya fi sarari. A ranakun da dare da rana suke daidaita, wajen 21 ga Maris da 23 ga Satumba, rana na ɓullowa daidai kan hasumiyar tsakiya. In taron ya dame ka, Srah Srang shiru ne da asuba.

Ƙarfe 7:30 ka kasance a ƙofar Ta Prohm, kafin manyan motoci su iso wajen 9. Jayavarman na 7 ya keɓe shi ga mahaifiyarsa a 1186, kuma rubutun dutsen da aka samu a ciki ya ce fiye da mutum 12,000 ne ke masa hidima. An bar itatuwan da suka cinye shi da gangan, wasu manya masu farin jiki, wasu dangin ceɗiya masu saiwa kamar raga. Saiwar ita ke riƙe da bangon, ita ce kuma ke tsaga shi, in itacen ya mutu bangon ya bi shi. Ka tsaya kan dakalin katako, kada ka hau tarin duwatsu.

Sannan Pre Rup, na 961, tun rana ba ta yi zafi ba, don bulo ne kuma ba inuwa ko kaɗan. Mebon ta Gabas tana kusa, da giwayen dutse a kusurwoyi. A da tsibiri ce a tsakiyar wani babban tafkin da aka haƙa, yau gonakin shinkafa ne. Ta Som minti 20 ya isa, ka wuce har ƙofar gabas ta ƙarshe. Neak Pean ana isa ta doguwar gada a kan ruwa, ba inuwa, ka buɗe lema.

Preah Khan ka ba shi awa ɗaya da rabi bayan hutu. Jayavarman na 7 ya keɓe shi ga mahaifinsa a 1191, kuma a nan addinan biyu suka fi cakuɗa: tsakiya ta Buddha, yamma ta Vishnu, arewa ta Shiva. Ginshiƙan da ke jere a hanyar shiga, kowane da gurbin Buddha da aka kankare. Ƙofofin suna ƙara gajarta kana matsawa ciki, ka kula da goshinka. Ta gabas akwai wani bene mai ginshiƙai zagayayyu da babu irinsa a duk Angkor.

In kana son faɗuwar rana a Phnom Bakheng, mutum 300 ake bari a sama a lokaci guda, hawan tudun minti 20 ne, sai ka isa kafin 4. Bai kai wahalarsa ba. Bakin gwalalon Angkor Thom ya fi daɗin zama.

8. Rana ta uku: na nesa

Banteay Srei yana arewa maso gabas, kusan awa guda a tuk-tuk. An keɓe shi ga Shiva a 967, kuma ba sarki ne ya gina shi ba, wani malamin fada ne mai suna Yajnavaraha. Ƙarami ne, na jan dutse mai ruwan hoda, sassaƙarsa ta fi ta ko'ina zurfi da ƙanƙanta. Ka isa 7:30, don da mutum hamsin sun shiga ya cika. Ka nemi Ravana, sarkin aljanu mai kawuna da yawa, yana girgiza dutsen da Shiva ke zaune a kai, dabbobi na gudu ta ko'ina. An kewaye tsakiyar da igiya, saboda haka kyamarar waya mai jawo nesa tana da amfani.

Daga nan zaɓi ɗaya, ba biyu ba. Kbal Spean hawan kilomita 1.5 ne cikin daji zuwa rafin da aka sassaƙa gindinsa, ana hana shiga bayan 3 na yamma, kuma a ƙarshen rani ruwan yakan ƙafe. Beng Mealea ya fi nisa, ya fi son mota, haikali ne da aka bari a rushe, tikitinka ya haɗa da shi. In gajiya ta kama ka, Roluos na kusa da gari: Preah Ko na 879 da Bakong na 881, mafarin duk abin da ka gani.

9. Ladabi da haɗari

Haikalan nan wuraren ibada ne har yanzu. Inda ka ga Buddha sanye da ƙyalle ruwan goro da turare na ci, ka cire takalmi da hula in za ka shiga, ka rage murya, kada ka miƙe ƙafa wajensa. Ba wanda zai tilasta maka rusunawa. In an miƙo maka turare ko jan zaren ɗaurawa a hannu, murmushi da girgiza kai sun wadatar. Mace ba ta taɓa ɗan zuhudu ko miƙa masa abu hannu da hannu, kuma a nemi izini kafin a ɗauke shi hoto.

Ba a taɓa sassaƙa, maiƙon hannu ne ya baƙanta wuraren da ka ga suna ƙyalli. Ba a shan taba, ba a tashin jirgi mara matuƙi sai da izinin hukumar APSARA mai kula da wurin. Ɗaukar ko ɗan guntun dutse laifi ne, haka sayen abin da aka ce maka tsohon kaya ne. Hukumar ta kuma roƙi baƙi su daina ba yara kuɗi da alewa, don yana hana su zuwa makaranta.

Birai a kewayen Bayon da Angkor Wat sun saba da mutane, suna fizge leda da kwalba. Ka ɓoye abinci cikin jaka. In biri ya cije ka ko ya yakushe ka, ka wanke wurin da sabulu da ruwa minti 15 ka tafi asibiti a ranar, saboda cutar haukan kare. Sauron da ke kawo zazzaɓin dengi da rana yake cizo, ka shafa magani tun safe. Matakalan Khmer ƙanana ne kuma a tsaye, ana hawa da saukowa a karkace, hannu ɗaya a kan dutse. An share nakiyoyi daga babban filin, amma a wuraren nesa kada ka bar turbar da aka taka, musamman inda ka ga jan allo mai hoton ƙoƙon kai.

10. Salla da abinci

Siem Reap tana da al'ummar Musulmi 'yan Cham, da masallacin An-Neakmah a unguwar Stung Thmey, kuma gidajen abincin halal suna kewayensa. Masauki a wannan ɓangaren yana sauƙaƙa komai. Alƙibla yamma ce, an ɗan karkata arewa. Azahar ta faɗa cikin hutun rana in ka koma gari. Asuba ce ke son lissafi: a watannin damina alfijir na ketowa kafin 4:45, sai ka yi salla ka fita. A Disamba da Janairu sai bayan 5, amma rana ma tana makara, ka yi sallarka a masauki ka isa 5:45 ba ka rasa komai ba. In dole ta kama a cikin filin, ka nemi gefe kusa da wurin ajiye motoci, nesa da haikali. Banɗakunan filin suna da tsabta da ruwa, kyauta ne ga mai tikiti.

A rumfunan abinci na cikin filin naman alade na shiga miya da romo ko ba a faɗa ba. Sunansa sach chrouk. Amok na kifi da madarar kwakwa, ko shinkafa da ƙwai da ganye, sun fi aminci, ko ka sa a ƙunso maka abinci daga gari. Ruwan kwalba kaɗai za ka sha.

11. In wani abu ya gaza

In kwana ɗaya gare ka: Ta Prohm 7:30, Bayon 9:30, hutu, Angkor Wat 2:30. Ka bar kallon fitowar rana. In gwiwa ba ta da ƙarfi, ka tsallake Bakan da Baphuon da Pre Rup da Phnom Bakheng, ka riƙe Ta Prohm da Preah Khan da Banteay Srei da barandar Angkor Wat, duk kusan a ƙasa suke, sai dai dokin ƙofa masu tsayi. In ruwa ya sauko, barandar Angkor Wat a rufe take, nan za ka fake kana kallo, kuma kada ka hau matakalar dutse sai ta tsane. In ka ji jiri, ko gumi ya ɗauke alhali kana jin zafi, ka shiga inuwa nan take, ka jiƙa kai da wuya, ka sha ruwan gishiri da sukari, ka soke sauran shirin ranar. Tikitin kwana 3 yana ba ka damar hutawa wuni guda a tsakani, ka ci gaba jibi.